Ƙashi Ya Kama, Gaɓa Ta Ƙage: Saura Aikin Bakanike

Jama'a masu sauraronmu, na gida da na gona, da 'yan kabu-kabun da ke zaune a tasha suna jiran fasinja, da kanikawan da suka kunna rediyo hannu dumu-dumu da baƙin mai. Sharhinmu na yau a kan babur ne, da mutumin da gaɓoɓinsa suka daina lanƙwasuwa yadda babur ke so.

Wanda ya san ƙasar Jega da Aliero da Maiyama ya san matsayin babur a nan. Shi ke kai manomi fadama da asuba, jarkar man injin ban ruwa ɗaure a baya. Shi ke fito da buhun albasa daga inda mota ba ta shiga. Shi ke ɗauko mai naƙuda daga Karaye, Karayen Maiyama nake nufi ba ta Kano ba, ko daga Mungadi ko Sambawa, ya kai ta inda za a karɓi haihuwa. Malamin firamaren da ke kwana Jega yana koyarwa a Kimba ko Dumbegu, da babur yake zuwa aiki. Saboda haka ranar da magidanci ya ajiye babur don jikinsa ya ƙi, cefanen gidansa aka taɓa.

Garin Aliero ya yi suna da abu biyu tun kafin a kafa jami'a a cikinsa: albasa da ɗori. Daga jihohi maƙwabta, har daga ƙetaren iyaka, ana kawo masu karaya wurin maɗoran garin, kuma da yawansu babur ne ya kayar da su ko mota ta kaɗe su suna kansa. A ɗora ƙashi, a ɗaure da kara, mutum ya yi makonni ko watanni a kwance, Allah ya ba da sa'a ƙashi ya kama. Sai a yi barka, a koma gida. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, gaɓar da ta daɗe a ɗaure ba ta motsi takan ƙage. Kada wani ya ɗauka maɗora nake suka. Ko a asibiti aka sa siminti, idan karayar ta shiga cikin gaɓa, ko aka daɗe ba a motsa ta ba, idon sawu ko gwiwa ko wuyan hannu kan fito a sandare. Likitocin gashin ƙashi na iya dawo da wani abu daga cikin motsin idan an je musu da wuri, amma ba kullum yake dawowa duka ba.

Kuma ba masu karaya kaɗai ba ne. Akwai dattijon da sanyin ƙashi ya kama gwiwarsa, yana salla a kan kujera. Akwai matashi mai amosanin jini, wato sikila, wanda ciwon ya ci masa kan ƙashin kwatangwalo, ɗaga ƙafa ya tsallake sirdi ya zame masa aiki. Akwai wanda wuta ta ƙona masa hannu, tabo ya janye yatsunsa. Akwai wanda kuturta ta bar wa yatsu a lanƙwashe ko da ya warke. Ga kuma waɗanda shan inna ya taɓa tun suna yara. An dai tabbatar a watan Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali, amma waɗanda ta shanye wa ƙafa shekaru ashirin ko talatin da suka wuce suna nan, yau su ne magidanta masu iyali.

To mu dubi babur kansa, irin Boxer ko Jincheng ko Haojue da ke cike da titunanmu. Ya raba aiki gida huɗu, bai bar ko gaɓa ɗaya ta huta ba. Hannun dama na murɗa totur, yana kuma kama birkin gaba. Hannun hagu na matsa kuloci. Ƙafar hagu na sa giya. Ƙafar dama na taka birkin baya, ita ce kuma ke buga kik. Bayan wannan, dole gwiwa ta lanƙwashe ƙafa ta zauna a kan mataki, dole ƙafa ɗaya ta sauka ta tokare ƙasa duk lokacin da aka tsaya, dole wuya ya juya a duba baya. Wanda ya zana wannan tsari, lafiyayyen jiki ya auna. Gaɓa ɗaya ta ƙi, wani aiki a cikin huɗun nan ya tsaya ke nan.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda mutanenmu ke yi idan haka ta faru. Wasu kan sayar da babur su zauna. Amma mafi yawa ba sa sayarwa, komawa suke yi kan titi a hakan, su yi shiru. Ɗauki mutumin da idon sawunsa na dama ya sandare. Ba ya iya danna birki da gaban ƙafa kamar da, sai ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya daga mataki, ya nemi birkin, sannan ya taka. Babur mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Idan neman birki ya ƙara maka daƙiƙa guda, ka shafe mita 14 babur bai fara tsayawa ba. A kan hanyar Jega zuwa Koko, inda tirela ke bin tirela, akuya ko yaro ɗan talla na iya faɗowa titi ba sallama, lissafa da kanka. Sai ka haɗa da wata al'ada da muka daɗe da ita, ta tsoron birkin gaba. 'Yan babur da dama sun yarda cewa birkin gaba kayarwa yake yi, har wasu su bar wayarsa a sake ko a tsinke. Alhali a kan kwalta shi ne ke yin mafi yawan aikin tsayarwa, domin idan aka kama birki nauyi gaba yake komawa. A cikin yashi ne yake son lallami. To mutumin da ya watsar da birkin gaba, ƙafarsa kuma ba ta taka na baya da sauri, da me zai tsaya? Da jan silifa a ƙasa, kamar yadda muke gani.

Idan dattijo ya tura babur gareji ya ce, “Yaro, ba yadda za a yi a matso mini da wannan birki?” amsar da yakan samu ita ce, “Baba, hakanan kamfani yay yi shi.” Shi ke nan, magana ta mutu. Amma tsarin nan ba wahayi ba ne, mutane suka zauna suka shirya shi, kuma ba da daɗewa ba. Baburan Harley-Davidson na Amurka, har zuwa farkon shekarun 1950, da ƙafa ake taka kulocinsu, giya kuma da hannu, da wani ƙarfe a gefen tanki. Kamfanin Indian, shi ma na Amurka, a hannun hagu ya daɗe yana sa totur. Baburan Ingila na da, irin su BSA da Triumph, giya a ƙafar dama take, birki a hagu, sai a tsakiyar shekarun 1970 dokar Amurka ta tilasta kowa ya bi tsari ɗaya. Vespa, wadda aka fara ƙerawa a Italiya a 1946, wadda iyayenmu ma'aikata suka hau, giyarta a hannun hagu ake murɗa ta. Ko yau, leƙa cikin Keke Napep ka ga inda giya take. Abin da aka canza wa wuri sau da yawa don kasuwa, ana iya canza masa wuri don mutum.

Ga misali daga can ƙololuwar tseren babur na duniya. A 1992 wani ɗan Ostareliya, Mick Doohan, ya faɗi a filin tsere na Assen da ke ƙasar Holan, ƙafarsa ta dama ta karye, jinya ta yi tsanani har aka kusa yanke ta. Da ya warke, idon sawun ya ƙi motsi, ba ya iya taka birkin baya. Injiniyoyi ba su ce masa hakanan kamfani ya yi ba. Sai suka ɗauke birkin daga ƙafa, suka mayar da shi wani ɗan madanni a kan babur, ɓangaren hagu, wanda yake turawa da babban yatsa. Da wannan gyara ya ci gasar duniya sau biyar a jere, daga 1994 zuwa 1998. Har yau wasu 'yan tsere masu lafiyar ƙafa suna amfani da irin wannan birki don sun ga ya fi musu. Na san Honda ke bayansa da kuɗinta, mu kuma rumfar bakanike gare mu. Amma larurar iri ɗaya ce da ta manomin da ya dawo daga ɗori, tunanin gyaran ma ɗaya ne.

Ta ina ake farawa? Ba da walda ba. A ɗora babur a kan jek, mai shi ya hau, a tsaya a kalle shi. Ya matsa kuloci sau ashirin a jere, a ga a na nawa hannun ke gazawa. Ya murɗa totur ya saki. Ya taka birki da sauri kamar abu ya gitta masa. Ya sauke ƙafa ya tokare, ta dama sannan ta hagu. Ya waiga. A nan za a gane ko ƙarfi ne ya ragu, ko nisan da gaɓa ke iya zuwa ne ya taƙaita, ko zafi ne ke hana shi, domin kowanne da maganinsa. Idan da hali, a fara ganin likitan gashin ƙashi, a Birnin Kebbi ko Sakkwato, ya faɗi abin da zai iya dawowa da motsa jiki da abin da ya riga ya zauna. Ba dabara ba ce a yanka ƙarfe saboda gwiwar da wata uku na gashi zai sake.

Gyara mafi yawan amfani shi ne mafi arha, shi ne kuma aka fi rainawa. Kulocin baburanmu da yawa tauri gare shi ba don haka aka ƙera shi ba, sai don wayar ta bushe, ƙurar hunturu ta cika ta, ko an bi da ita ta wata muguwar lanƙwasa. Sabuwar waya da ɗan mai kan mayar da kuloci laushi har mai shi ya yi mamaki. Sannan a kwance noti a juya mariƙin kuloci da na birki sama ko ƙasa, yadda idan mutum ya miƙa yatsu, damtsensa da bayan hannunsa za su miƙe ɗoɗar, wuyan hannu bai karye ba. Wannan aikin sifana ne na minti biyar. Wanda yatsunsa ba sa buɗewa sosai, a nemo masa mariƙi mai ɗan lanƙwasa da ke kusa da hannu. Wanda yatsunsa ba sa dunƙulewa, a ƙara wa robar hannu kauri. Wanda kafaɗa ko gwiwar hannu ta ƙage, a ɗaga kan babur a matso da shi baya kaɗan, amma a juya shi iyakar dama da iyakar hagu a tabbatar babu wayar da ke jan kanta. Akwai kuma dabarar ƙara wa ɗan ƙarfen da wayar kuloci ke ja a jikin inji tsawo. Yana rage nauyin matsa, sai dai kowane sauƙi da farashinsa: idan aka zarce, kuloci ba zai riƙa saki sosai ba, giya ta riƙa ƙara, babur ya riƙa ja yana tsaye.

Totur kuwa, matsalarsa murɗa wuyan hannu. Ana iya maƙala masa ɗan faffaɗan roba da gindin tafin hannu zai riƙa dannawa, ba sai an damƙe an murɗa ba. Ana iya mayar da shi na babban yatsa, irin na baburan nan masu taya huɗu. Ana ma iya kai shi hagu. Abu ɗaya ne ba a yi, ko mai babur ya roƙa: cire sifirin ɗin da ke mayar da totur, ko ɗaure shi da roba don ya tsaya inda aka bar shi. Totur ɗin da ba ya komawa da kansa idan an saki, ranar da hannu ya zame, babur zai ci gaba da gudu da mutum.

Ta ɓangaren ƙafa, Boxer ta zo da wani alheri da ba a lura da shi, ƙarfen giya mai baki biyu, na gaba da na dunduniya. Mai irin wannan ba sai ya sa yatsun ƙafa ƙarƙashi ya ɗaga ba, dannawa kawai yake yi, gaba ko baya. Babur ɗin da bai zo da shi ba ana iya sa masa. Haka birkin baya, a faɗaɗa wurin takawa, a daidaita tsawonsa da inda ƙafar ke zama da kanta, yadda ba sai an neme shi ba. Mai gwiwar da ba ta lanƙwasuwa, a ƙara wa sirdi tudu, a matsar da mataki gaba, giya da birki su bi shi ta hanyar sandar ƙarfe. Sai dai a lura, idan sirdi ya yi tudu da yawa ƙafa ba za ta kai ƙasa ba a tsaye. Batun kik kuwa, ku bar ni in ɗan yi tsegumi. Babur nawa ne a garin nan suka zo da sitata, batir ya mutu tun wata na shida, mai shi ya koma bugun kik har yau? Ga mai ciwon gwiwa ko kwatangwalo, kuɗin batir kuɗin magani ne.

Yanzu ga shawarar da na fi ba wa nauyi, ko da za ta yi wa wasu ɗaci. Mutane da yawa da ke wahalar gyara Boxer, abin da ya kamace su shi ne su musanya ta da roba-roba. Wannan ƙirar ta samo asali ne daga Super Cub da Honda ta fito da shi a Japan a 1958, wanda zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100. Ana ba da labarin cewa masu kamfanin sun so babur ɗin da yaron kai taliya gidaje zai tuƙa da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da tire. Shi ya sa ba shi da mariƙin kuloci, kulocin na cikin inji yana kama kansa idan an ba da wuta. Tsakiyarsa kuma a buɗe take, zura ƙafa ake yi ba tsallakewa ba. Ka ga an sauke wa hannun hagu aiki, an sauƙaƙa wa kwatangwalo hawa. Da yake hannun hagu ya zama fanko, sai ya karɓi aikin gaɓar da ta gaza. Idan ƙafar dama ce, a kawo birkin baya hannun hagu da waya. Idan hannun dama ne ba ƙarfi, a mayar da birkin gaba hagu, dama ya tsaya ga totur. Idan ƙafar hagu ce, a ɗauko giya da doguwar sanda ta taso gefen gwiwa, a riƙa sawa da hannu, ko kuma a nemi irin sikutar nan marar giya gaba ɗaya, wadda birkinta biyu duk a hannu suke tun daga kamfani.

Na san amsar manomi. Roba-roba ba ta ɗaukar buhun albasa biyu ta ratsa yashi, kuma samari na ce mata babur ɗin mata da malamai. Maganar kaya gaskiya ce, ba na musu. Maganar samari kuwa, wanda ya taɓa kwana wata uku a ɗakin ɗori ba ya buƙatar in ba shi amsa. Buhu ɗaya sau biyu ya fi buhu biyu a kan babur ɗin da ba ka iya tsayarwa.

Sai waɗanda ƙafafunsu ba sa iya tokare babur sam. A nan ne tayoyin gefe ke shigowa, kuma ba sai mun je Turai koyo ba. A Kano, ƙungiyar waɗanda shan inna ya shafa, wadda Malam Aminu Ahmad Tudun Wada ya yi suna da jagorancinta, ta daɗe da wurin sana'a inda masu larurar da kansu ke yanka ƙarfe suna walda, suna ƙera kekunan hannu masu taya uku. A biranen Arewa kowa ya saba ganin babur da aka ƙara wa tayoyi biyu a baya, mai shi na tafiya kasuwa sandunansa ɗaure a gefe. A Indiya ma, inda ake ƙera Bajaj da TVS, sikuta mai tayoyin gefe abu ne sananne, har gwamnatocin jihohi na raba ta. Amma a sani, da zarar an sa tayoyin nan, abin ya tashi daga babur ɗin da aka sani. Ba ya kwantawa a kwana, juya kansa ake yi, kuma idan aka shiga kwana da gudu tayar ciki na ɗagawa ya kife. Idan aka yi wa tayoyin gefe walda ƙam ba sifirin, aka kuma saukar da su daidai da ta tsakiya, ranar da aka bi ta kan rami sai su biyun su tsaya a kan tudu, tayar da ke ja ta rataye a iska, ba ja ba birki. A hanyoyin ƙauyukanmu da damina wannan ba tatsuniya ba ce. Sannan ya yi faɗi, ba ya da giyar baya, da dare kuma direban mota fitila ɗaya yake gani ya ɗauka siririn babur ne. A sa masa abin ƙyalli da fitila a kowane gefe.

Kanikawa da masu walda, wannan taku ce. Mariƙin birki na hannu zubin alminiyon ne, idan aka lanƙwasa shi da sanyi ko aka yi masa ɗori, yakan tsage daga ciki, ya jira ranar da aka matsa shi da ƙarfi ya ɓalle. Sabo ake sayowa. Wayar totur siririya ce, ba a mayar da ita wayar birki. Hannu bai kai ƙafa ƙarfi ba, don haka idan an kawo birkin baya hannu a gwada a ga yana iya riƙe taya da kaya a kai, ba a kan jek kaɗai ba. A kai maɓallin fitilar birki inda sabon birkin yake, na baya ya san an tsaya. A sauke tanki kafin a kunna wutar walda. Kada a huda firam barkatai. In an gama, a tafi filin makaranta ko filin Idi lokacin da ba kowa, mai babur ya yi ta tashi da tsayawa kwana da kwanaki, domin ƙafar da ta shekara ashirin tana neman birki a ƙasa ba za ta manta a yini ɗaya ba. Kuma a mayar da madubi. Mun saba ranar da aka sayo babur ake kwance madubai a jefa a ɗaki. Wanda wuyansa ba ya juyawa, su ne idonsa na baya.

Ba kowa gyara zai mayar kan titi ba, kuma rashin faɗar haka cuta ce. Wanda idonsa ya yi rauni, ko mai farfaɗiyar da ba ta kwanta ba, ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta rage masa saurin ankara, babu ƙarfen da zai gyara wannan. Wanda kuma sai ya haɗiyi tiramol kafin ya iya jure zafin gwiwa ya hau babur, ya ƙara wa kansa haɗari a kan haɗari. Ɗan kabu-kabu kuwa ran wani yake ɗauka. Matar da ta hau bayanka da goyo ba ta san idon sawunka ba ya motsi ba, amana ta ba ka. Idan birkinka bai kai na lafiyayye saurin kamawa ba, ka tsaya ga ɗaukar kanka da kayanka. Hular kwano, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sawa tun Janairun 2009, ta fi wajaba a kan wanda ba zai iya tare faɗuwa da hannu ko ƙafa ba.

Ta fuskar hukuma, ƙofa ba a rufe take ba. A cikin azuzuwan lasisin tuƙi na Najeriya akwai aji na musamman, mai harafin J, na masu larurar jiki. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, aka kuma kafa musu hukuma ta ƙasa. A 2024 aka naɗa Ayuba Gufwan ya shugabance ta, mutumin da shan inna ya taɓa, wanda ya shafe shekaru a Jos yana ƙera kekunan hannu yana rabawa kyauta. Wato wanda ke kan kujerar ya san ƙaurin walda. A Birtaniya kuwa, tun 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, wasu 'yan babur suka kafa ƙungiyar NABD, suna tara kuɗi a tsakaninsu suna biya wa 'yan'uwansu masu larura kuɗin gyaran babur. Ba gwamnati suka jira ba. Ƙungiyoyin kabu-kabu na Jega da Maiyama, da ke karɓar kuɗin tikiti kullum, suna iya ware wani abu don ɗan ƙungiyar da ya dawo daga jinya.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, duk kayan aikin suna nan kusa da juna, ba su dai haɗu ba. A Aliero akwai maɗora da suka san gaɓa da hannunsu. A Alieron dai akwai jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a 2006, mai ɗaliban injiniya da ke neman abin da za su ƙera a shekarar ƙarshe. A Jega akwai kwalejin koyon aikin lafiya, ga kasuwar kayan gyara, ga masu walda. Me zai hana ɗalibi ya zana birkin hannu na roba-roba, ko tayoyin gefe masu sifirin, a gwada, a fitar da ma'auni ɗaya da kowane mai walda zai bi, maimakon kowa ya yi nasa da ka?

Don haka kiranmu ga maɗora, idan kun kwance kara ku tambayi mutum ko babur zai koma, ku gwada gaɓar a gabanku ku gaya masa gaskiya. Ga shugabannin kanikawa, ku zaɓi mutum biyu ko uku a kowace ƙaramar hukuma su ƙware a wannan aiki, a san inda za a tura mabuƙaci. Ga 'yan siyasa da masu fitar da zakka, in za ku raba babura, ku sa roba-roba da masu tayoyin gefe a ciki, ku kuma auna wanda za ku ba kafin ku saya. Kai kuma ɗan'uwa da ke sauraronmu, wanda ka san ƙafarka ko hannunka ba ya kama birki kamar da, kada ka jira ranar kasuwa. Gobe da safe tura babur ɗin gareji, ka hau a gaban bakanike, ka nuna masa inda gaɓar ta tsaya. Allah ya kiyaye hanya.